Kumfa Ba Sukari

Attahir ya zuba ganyen shayin a tafin hannu, ya murza da babban yatsa, ya kai hanci, sannan ya kakkaɓe.

"Haba Idi, wannan ai shara ce. Rabi kara, rabi gari. Dubi koren da ya bar mini a hannu, rina shi aka yi."

Idris mai shago ya san halin mutumin tun suna samari a kasuwar Tanout. "Kai dai ka cika fi'ili! Duk gari shi ake sha, ba wanda ya mutu."

"Suna binne shi da sukari ne. Ni yau ba abin da zai rufa masa asiri. Ciro na kirki."

Satin da ya wuce ne likita ya gaya wa Attahir yana da ciwon sukari. Ya ce ganyen kansa ba shi da laifi, yana ma sa abinci ya narke, yana taimakon zuciya, ya wartsake jiki, amma sukarin nan a rabu da shi. Magana mai sauƙi a bakin likita, don bai san fada ba. A fadar da dattawa ke zama bayan la'asar kusa da tasha, Attahir ne mai buta shekara da shekaru, har makiyayan Tenhya kan ratse ran kasuwa don shayinsa. Kuma doka ce, mai buta sai ya ɗanɗana kafin ya miƙa wa kowa. Wanda bai ɗanɗana ba, ba ya rabawa. Ke nan ko ya kurɓi abin da aka hana shi, ko ya miƙa butar ga Manzo, wanda ya daɗe yana haɗiyar yawu a kanta. Shi kuwa ko ɗaya bai yi masa ba.

Idris ya duƙa ya jawo wani kwali daga ƙasan kanta. Ganyen dogaye ne, a murɗe, masu ɗan toka-toka. Attahir ya jefa kaɗan a baki ya tauna, ya sa aka kawo ruwan zafi ya tsoma wasu. Suka buɗe cikakku, ruwan ya fito garau, ba laka a ƙasa.

"Yauwa! Ashe kana da shi kake ɓoyo, mugu."

Da la'asar ya iske fada cike, labari ya riga shi isa. Manzo na zaune daf da murhun gawayi, da ƙullin sukari a cinya.

"Sannu Attahir, ya jiki? Kawo butar nan ka huta, mu ma mu yi maka hidima."

"Hannuna ne ke ciwo?"

"To yaya za ka ɗanɗana?"

"Da bakina. Yau ba sukari za a sha."

Fada ta kaure. Wani ya ce ai wannan jiƙo ne, wani ya ce in magani suke so sun san hanyar asibiti. Manzo ya yi dariya har rawaninsa ya zame. "Kuma kumfar fa? Ba sukari, da me za ta tsaya? Da addu'a?"

Maganar ta soki Attahir, don shi ma ita yake tsoro. Ya ɗauraye ganyen ya zubar da ruwan farko, ya ɗora, bai bari ya yi ta tafasa kamar kullum ba, ya sauke, ya jefa na'ana'a. Sannan ya ɗaga buta sama ya saki shayin siriri cikin finjali, ya juye, ya sake. Kumfar ta taso ta mutu. Ya sake, ta mutu. Kafaɗarsa ta fara zafi, gumi na bin wuyansa, amma ina, ya ƙi dainawa. Can sai ga kumfar ta hau, fara ƙal, ta zauna a bakin finjali ta ƙi sauka. Ya cika sauran, ya kurɓi nasa a gaban kowa, ya miƙa faranti.

Malam Rabi'u, babbansu, ya fara sha. Ya haɗiye, ya ce, "Ashe haka ƙamshin shayi yake."

Manzo ya zuƙa da ƙara, ya yamutsa fuska. "Ɗaci. Wallahi ɗaci!"

Ya kwance bakin ƙullin sukarin. Kowa ya zuba masa ido, don sa sukari a finjalin da mai buta ya miƙo zagi ne, daidai da a ce masa sauka. Attahir bai sunkuyar da kai ba. Manzo ya dubi sukarin, ya dubi kumfar da ke maƙale a finjalinsa har yanzu. Ya sake kurɓa, a hankali wannan karon, ya shanye tas. Ya ɗaure ƙullin ya cusa a aljihu.

"To me kake kallona? Ɗora na biyu mana, gawayi na cinyewa."

Daɗi ya cika Attahir har ya ji kansa ya yi girma. Ya gyara zama, ya jawo butar gabansa.

"Matsa can, kana tare mini iska."