Ƙorafi Goma Sha Ɗaya, Kwamfuta Ɗaya

Shekara tara Inna Kulu tana ɗauko shinkafa da wake daga Kawo tana sayarwa a harabar wani kamfanin inshora a Doka. Ranar Litinin maigadi ya tare ta a get, wai manaja ya ce kada ta ƙara shigowa. Ma'aikata goma sha ɗaya sun rubuta a shafin ƙorafi na kamfanin cewa abincinta ya sa su gudawa.

Gudawa! Mutanen da sai ta ƙwace faranti suke daina lasa.

Ta dire tukunyar, ta bangaje maigadin, ta haura ofishin Nazifi mai kula da kwamfutoci.

"Kai ka haɗa akwatin tsegumin nan?"

"Inna, shafi ne. Ba a sa suna, don kowa ya faɗi abin da ke ransa."

"Don matsorata su ji daɗi dai. Ban yi boko ba, amma ba aljani ya rubuta ba. Duba min."

Nazifi ya sosa ƙeya. Ya ce duk saƙon da ya shigo, babbar na'urar da ke riƙe da shafin takan ɗauki lambar kwamfutar da ta aiko, ta nemo sunanta, ta ajiye. Shi da kansa ya raɗa wa kowace suna.

"Au, har suna kuke raɗa musu? Da rago?"

Nazifi ya juya ga kwamfutarsa. Ya danna, ya danna, sai ya ƙura wa allon ido.

"Karanta mana, bakinka ya mutu?"

"Duka daga kwamfuta ɗaya suke, Inna, cikin minti ashirin. Ta sito."

Ta Alhassan mai kula da sito ke nan, wanda ƙanwarsa ta fara kawo jalof a roba tana sayarwa makon jiya. Gogan naka har salo ya riƙa canzawa, nan Turanci, nan Hausa, nan ya zama mace mai ciki. Shi a dole mai wayo.

"Amma fa sunan kwamfuta ne, ba na mutum ba," in ji Nazifi. "Kowa zai iya zama a kanta."

"Siton da ko ƙuda ba ya bari ya shiga? Makullin na ƙugunsa har masallaci. Buga min a takarda, ka wuce gabana zuwa wurin manaja."

Manaja ya karanta sau biyu, ya gyara tabarau, ya ce a yi haƙuri, kuskure ne, maigadi ya shigo mata da tukunyarta.

"A'a, ranka ya daɗe. Maigadi bai yi min ƙarya ba. Alhassan zai ɗauko, a ka, ta gaban kowa."

Ta ja kujera ta zauna, har sai da manaja ya ɗaga waya ya kira sito.