Duron Yaya Kubura

Aikina huda duro ne. A kamfanin da ke haɗa maganin feshi, gefen titin Jega zuwa Maiyama, idan aka juye guba daga shuɗin duro, ni ake gangaro wa shi. In ɗauraye, ruwan ya bi kwata zuwa ramin siminti, in ɗora ƙarfe mai tsini a gindinsa in buga guduma, don kada wani ya sake zuba komai a ciki. Daga nan mota ta kwashe. Na gama sakandare ina son aikin asibiti. Ga inda na tsaya.

Ranar da na fara, Oga Istifanus, shugaban sashenmu, ya dafa wani duro ya ce, "Shamsuddeen, robar nan tana shan magani. Ko da omo ka wanke, yana ciki." Ban yarda sosai ba, sai da na ga kurciyoyi a bakin ramin, ƙafafu sama.

Yaya Kubura ce ta raine ni bayan rasuwar Inna. A Aliero take. Mijinta ya rasu bara, albasarsa na gona ba a cire ba. Ya bar ta da yara biyu, Salima da Waliyyu, da wata randa da ta tsage. Famfon unguwarsu da nisa, bayanta kuma ya fara ciwo.

"Auta," ta ce da ni wata Juma'a, "duro guda ɗaya tak. In kafa shi ƙarƙashin indararo, damina ta cika min."

"Ba ya yiwuwa, Yaya."

"Mi na bai yiwuwa? Abin da kuka zubarwa?"

"Guba gare shi."

Ta yi dariya. "Guba! Gidan wa babu shuɗin duro garin ga? Duk sun mutu? Ka dai zama ma'aikaci, ka fara iyayi."

Ban iya dogon bayani ba, tun ina yaro. Ta zuba min tuwo.

Da ruwa ya sauka na koma gaishe ta. Tun daga zaure na hango shi. Shuɗi, cike fal, ƙarƙashin indararo, an rufe da faifai. Moɗa a kai.

"Ƙanen baban yara ya kawo min daga kasuwar Jega," ta ce, ba ta dube ni ba. "Tunda nawa ɗan'uwan ya ƙi."

Na matsa. An kankare takardar jikinsa da wuƙa, amma gefen jan zanen ya rage, inda hoton ƙoƙon kai yake zama. Na ɗaga faifan. Warin nan ne, mai kama da tafarnuwa, wanda ke bina har cikin riga. Ko daga ina ya fito, bai bi ta hannun mai huda ba.

"Ina Salima?"

"Tana ɗaki. Cikinta na murɗa, shawara ce."

Na leƙa. Tana kwance kan tabarma, miyau na bin gefen bakinta, gumi ya jiƙa mata wuya. Ta ce, "Kawu," da ƙyar.

Na fito. Akwai fartanyar marigayi jingine da bango. Na ɗauka.

"Auta, mi za ka yi?"

"Yaya, matsa."

"Kul! Na rantse in ka taɓa shi..."

Na sara a gindi. Robar ta ƙi. Na ƙara, ta buɗe. Ruwa ya yi tsalle ya bi tsakar gida, ya shiga murhu ya kashe wutar, ya wuce ta ƙarƙashin ƙofa. Waliyyu ya fashe da kuka. Maƙwabta suka leƙo ta katanga.

Yaya Kubura na tsaye, ruwan na bi ta kan ƙafafunta. Ba ta yi ihu ba. Da ta yi, da ya fi min sauƙi.

"Bayan ga da kaka gani yana ciwo," ta ce, "shi ya goya ka."

Na saɓi Salima na ɗora a babur. Yaya ta hau baya ta riƙe ta, ta yi yadda jikinta ba zai taɓa nawa ba. A asibiti na faɗa musu sunan maganin. Suka yi mata allurai, suka sa mata ruwa. Ta kwana biyu can, ta tashi.

Na ɗauka shi ke nan. Amma a unguwa magana ta riga ta zaga: Kubura ta shayar da marayu guba, sai da ƙanenta ya zo ya fasa duro a gaban jama'a. Dangin mijinta suka zo suka ɗauki yaran, wai sai ta huta. Wanda ya kawo duron shi ya riƙe hannun Waliyyu suka fita.

Na sayi randa sabuwa, babba, na ɗaure a babur na kai. Na yi sallama a zaure. Na ji motsinta a ciki. Ba ta amsa ba. Na ajiye na tafi.

Shekaranjiya na sake komawa. Randar na nan inda na bar ta, wata kaza ta yi ƙwai a ciki. Daga nesa na hango Yaya tana dawowa daga famfo, ƙaramin bokiti a ka. Ruwan mutum ɗaya.

Da safe Oga Istifanus ya gangaro min da duro. Na ɗora ƙarfe na buga.