Mai Lamba Ɗari Huɗu da Sha Biyu

Shekara goma sha ɗaya ina zaune a bayan tagar ba da kati a sashen awon ciki, kuma babu uzurin makara da ban ji ba. Mota ta lalace, an yi baƙi, yaro ya haɗiye maɓalli, maigida ya fita da makulli. Amsata ɗaya ce ga duk wadda ta zo mini da ciki wata biyar ba ta taɓa yin awo ba: "Cikin da ba shi da kati ai ba ciki ba ne, kumburi ne." Matan da ke zaman jira a benci suka laƙaba mini suna Kumburi, suna zaton ban sani ba. Na sani sarai, taga ce a gabana ba bango ba.

To, wanzami ba ya son jarfa. Ranar da tsinken gwaji ya nuna mini layi biyu a banɗakin gidanmu, ban yi murna ba. Na zauna a kan bokiti na ce, "Kuma dai?"

Sau uku ina ɗaukar ciki, sau uku yana zubewa kafin ya cika wata uku. Na farkon, har mai gadin asibiti sai da ya sani. Abokan aiki suka haɗa mini kayan jarirai, 'yan safa da 'yar hula, tun abin bai kai girman ƙwayar wake ba. Da ya zube, na dawo bayan sati biyu na zauna a tagata, ina miƙa wa masu manyan cikkuna kati, kowa ya wuce sai ya karkata kai ya ce, "Sannu." Akwai sannu ta gaisuwa, akwai kuma wannan da ake ja kamar ƙarfen ƙofa mai tsatsa. Ciwon ɓarin na iya da shi. Wannan sannun ce ban iya da ita ba, kuma na sha ta sau uku.

Saboda haka na kira maigidana, mai gyaran firji ne, mutum mai haƙuri da yawan magana, na ce masa, "Idan na ji zancen nan a bakin wani, ko yayarka ce, to kai da firjinka za ku kwana a shago."

Ya ce, "Amma dai ki gaya wa Sista. Aikinta ke nan fa."

Na ce, "Ni ma shekara goma sha ɗaya a wurin ba shara nake yi ba."

Sista ita ce babbar ungozoman sashenmu, doguwa, mai tabarau a kan hanci da murya da ke tayar da mai barci a sashen maza. Ta karɓi haihuwar mata, ta karɓi ta 'ya'yansu. A ɓarina na uku ita ta riƙe mini hannu, ita kuma nake gudu fiye da kowa.

Na yanke shawarar zan yi wa kaina awo. Sikeli yana nan, na'urar awon hawan jini tana nan, ƙwayoyin ƙarin jini na san kwabar da suke. Matsala ɗaya ce: ɗakin gwaji ba ya karɓar kwalbar fitsari sai da lambar kati. Dokar nan ni na fi kowa ɗaure mata gindi, na sha korar mata a kanta. Sai na zaro sabon kati, lamba ɗari huɗu da sha biyu, na rubuta sunan kakata da ta rasu tun ina firamare, na ƙirƙiri adireshi, na jera wasu lambobi a wurin lambar waya. Sauran kuwa na cika da gaskiya: shekara talatin da takwas, ciki na huɗu, ɓari uku, haihuwa babu. Jinina ya ɗan hau, shi ma na rubuta. Ni ma'aikaciya ce mai amana, ko a cikin ƙarya.

Laulayi kuma ya zo da kayansa duka. Warin ruwan goge ƙasa, turaren wata, ƙwan da wani ya soya a can ƙarshen layi, duk a maƙogwarona suke sauka. Ni da nake harar mata in sun tofar da yawu a gwangwani, sai ga ni da nawa gwangwanin a ƙarƙashin tebur, na lulluɓe shi da tsohuwar jarida kamar abin gado.

Wata Talata ina cikin rubuta nauyina a katin, amai ya taso. Na ajiye shi na ruga. Kafin in dawo an kwashe katunan da ke kan teburina an kai wa Sista, har da shi.

Ban gama goge baki ba na ji muryarta. "Mai Kati! Wace ce ɗari huɗu da sha biyu?"

Na ce, "Wata ce, Sista. Ta zo ta tafi."

"Ta zo ta tafi. Kasuwa ce nan? Mace mai ɓari uku, jininta yana hawa, likita bai gan ta ba, ni ban gan ta ba, ke kuma kika bar ta ta tafi. Yaya kamanninta?"

Na ce, "Haka dai. Matsakaiciya."

Ta dube ni ta saman tabarau, ta ɗauki waya ta buga lambar da ke jikin katin. Wani mai facin taya ya ɗauka. Sista ta wanke shi tas a kan barin matarsa ba kulawa, bawan Allah yana ta rantsuwa shi ko budurwa ba shi da ita. Ta ajiye wayar ta ce, "Daga yau, duk ranar awo, ita za ki fara kira."

Haka kuwa aka yi. Talata da Alhamis, ƙarfe takwas, sai in leƙo da kai ta taga in ɗaga murya: "Lamba ɗari huɗu da sha biyu!" Sau uku. Mata su yi ta waige-waige, ni ma in taya su waigen.

Sista ba ta tsaya nan ba. A jawabin safe da take yi wa mata kafin a fara awo, katin nan ya zama allon karatu. Ta ɗaga shi sama ta ce, "Ku ga wata mai wayo. Ta fi likita sani, ta fi ni sani. Tana zaton in ta ɓuya abin da take tsoro ba zai gan ta ba."

Benci ya ɗauka. Wata mai sayar da takalma, ciki na shida, wadda ba ta taɓa zuwa kan lokaci ba a rayuwarta, ita ce kan gaba. "Wallahi wasu matan ba su san darajar abin da Allah ya ba su ba. Sakarya kawai!" Ta juyo wajena. "Ko ba haka ba, Anti?"

Na ce, "Ai sakarci ma ya yi mata kaɗan."

Ta yi dariya, ta ce yau dai mun yi magana ɗaya ni da ita. Ban taɓa samun farin jini a bencin nan ba sai da na fara zagin kaina.

A kwanakin nan ne kuma Sista ta sa mini ido a kan komai. Ta hana ni ɗaukar akwatunan tsofaffin katuna, wai ina hargitsa mata su. Ta hana mai shara goge gaban tagata da ruwan nan mai wari, wai yana sa santsi, santsin da shekara goma sha ɗaya bai kayar da kowa ba. Da azahar sai ta turo mini shayi da burodi ta ce in ci, fuskata tana korar mata marasa lafiya. Na koma gida na gaya wa maigida matar nan ta tsane ni. Ya buɗe baki zai yi magana, ya tuna da shago, ya rufe.

Ranar wata Alhamis, cikin yana sati na goma sha ɗaya, na tashi garau. Babu tashin zuciya, babu yawu, babu jiri. Maigida yana soya ƙwai, na ji ƙanshinsa ya yi mini daɗi. Ya yi murna ya ce, "Alhamdu lillahi, kin samu sauƙi."

Ni kuwa ban taya shi murna ba. Sau uku haka abin yake farawa: laulayin ya ɗauke rana ɗaya, bayan kwana kaɗan jini ya biyo. Na san mata da yawa laulayinsu yana tafiya lafiya lau a daidai wannan lokacin, ni da bakina na sha gaya musu. Amma wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle. Tsoro nake ji.

Na je aiki. Na kira lambar sau uku. Na ba mata hamsin da wani abu kati ban yi wa ko ɗaya faɗa ba, har mai takalma ta tambaye ni ko lafiya. Nauyi na iya aunawa, jini na iya aunawa, amma ko abin da ke cikina yana da rai, wannan sikeli ba ya faɗa.

Ƙarfe biyu benci ya watse. Na ga Sista ta nufi ofishin likita, sai na lallaɓa ɗakin duba masu ciki na tura ƙofa. 'Yar na'urar sauraron bugun zuciyar jariri tana kan tebur. Sau dubu na ji ƙararta ta bayan labule, ban taɓa riƙe ta ba. Na hau gadon, na ɗage riga, na matsa man nan mai sanyi, na ɗora ta a kan cibiya. Shuuu, kamar rediyon da ya ɓata tasha. Na matsa dama, na matsa hagu. Can na ji wani bugu a hankali, na ɗauka na jaririn ne, sai na gane nawa ne. Na ci gaba da yawo da ita a kan cikina har man ya bushe. Babu komai. Na kwanta ina kallon silin, hawaye suna gangarowa cikin kunnuwana.

Ƙofa ta buɗe. Sista ce, da kati a hannunta.

Ta ce, "Lamba ɗari huɗu da sha biyu. Sai yau aka ga dama?"

Na kasa tashi. Na ce, "Tun yaushe kika sani?"

"Tun da na buɗe katin. Shekara goma sha ɗaya ina karanta wannan rubutun naki mai kama da tafiyar kaza, sai don kin sa sunan tsohuwa in kasa gane shi? Kuma a duniyar nan wa ke tofa yawu a ƙarƙashin jarida?"

"Shi ne kika sa na yi ta kiran kaina a gaban mutane?"

"Ni ba na kama mace in danne ta a gado. Jira nake ki zo da ƙafarki. Jininki kuwa kullum sai na duba abin da kika rubuta, da ya ƙara ko ɗigo da kin ga danniya." Ta wanke hannu ta karɓe na'urar. "Mai facin tayan nan dai ki nemi gafararsa."

Na ce, "Sista, babu komai. Na duba. Laulayin ma ya tafi."

"Kin duba. Kin zama likita ke nan." Ta ja tsaki. "A cibiya kike nemansa, wata uku bai cika ba? Shekarun nan duk me kike saurare ta bayan labulen? Ƙasa yake. Kwanta daidai, ki rufe mini baki."

Ta ƙara man, ta kai na'urar can ƙasan mara, ta danna. Shuuu. Ta karkata ta. Shuuu. Na dubi fuskarta ina neman wannan karkata kan da na sani, ina jiran sannun ta fito. Ba ta dube ni ba. Idonta yana kan bango, leɓenta yana motsi a hankali, sai a lokacin na gane addu'a take yi. Ta ɗan gusa kamar faɗin yatsa.

Sai ga shi. Fat-fat-fat-fat, da sauri, siriri, kamar keken ɗinki a ɗakin maƙwabta.

Ban san na fashe da kuka ba sai da ta daka mini tsawa wai ina girgiza mata ciki. Ta bar na'urar a wurin ya fi minti guda, alhali sauran mata daƙiƙa goma take ba su. Sannan ta cire tabarau ta goge, ta ce man ne ya fantsar mata a ido.

"Ban yi miki alkawarin komai ba," in ji ta. "Yau yana nan, da ƙarfinsa. Yanzu ki tashi, likita yana jiranki, na riga na gaya masa. Talata kuma ƙarfe bakwai, a kan benci, kamar kowa. Ki makara ki gani."

Ta miƙo mini katin da biro. Na soke sunan kakata, Allah ya jiƙanta, ta sha zagin da ba ta ji ba ba ta gani ba. Na rubuta nawa.

Ranar Talata benci ya cika. Ƙarfe takwas na leƙo ta taga na kira, "Lamba ɗari huɗu da sha biyu!"

Mai takalma ta ce, "Anti, ki daina wahalar da maƙogwaronki, wannan ba za ta zo ba."

Na rufe tagar, na zagayo ta ƙofa da katina a hannu, na tsaya a gabanta na ce, "Ga ni."

Matan benci duk suka juyo. Ta dubi katin, ta dubi cikina, ta dubi fuskata. Na dafe zuciya ina jiran ta karkata kai. Sai ta ɗauke jakarta daga kan bencin, ta matsa gefe, ta bubbuga wurin da tafin hannu.

Ta ce, "Zauna, Kumburi. Kin makara."