Dafarar Labbo

Labbo yana dandaƙa sassan dafara a kan dutse lokacin da motar ɗansa Jafaru ta tsaya a ƙofar gida. Bai ko ɗaga kai ba. Tun da asuba ya saɓa adda ya shiga bakin rafi, inda 'yan bindiga suka hana kowa takawa wata uku ke nan, ya sassaro kurangar daga jikin bishiyar da ta nannaɗe, ya ɗauro dami guda ya dawo abinsa.

Jafaru ya zo ne daga Kaura Namoda don ya kwashe iyayensa. Rabin ƙauyen nasu da ke bayan Banga ya riga ya watse, shi kuma ya kama musu ɗaki biyu kusa da tashar jirgi. Mahaifiyarsa Kulsumu ta ɗaure kaya tun jiya, har tulun ruwanta an jingina a zaure. Da Jafaru ya hangi damin nan sai ya nufi wurin mahaifinsa.

"Baba, ina ka samo wagga aba?"

"Inda Allah ya shuka ta."

"Rahi ka tahi? Wurin da anka kashe mutum biyu?"

"Su sunka hana, ni ban hana ma kaina ba," in ji Labbo, ya ci gaba da dakansa.

Shekara arba'in Labbo yana gini, kuma duk wanda ya zauna kusa da shi sai ya sha karatun dafara, ko yana so ko ba ya so. Zai gaya maka wasu loda suke ce mata, amma shi sunan da ya ji a bakin ubansa yake kira. A jiƙa ta ta saki yauƙi, a kwaɓa da katsi, wato dagwalon ramin marina, da gashin awaki, shi ne laso. In aka shafe rufin soro da shi, ruwan sama sai dai ya zame ya wuce. Siminti kuwa, in ji shi, baƙo ne a jikin ginin ƙasa, damina biyu ya ɓamɓare ya bar ka da yoyo. Matsalar ita ce ba a yi wa gidan da za a bari laso, kuma Jafaru ya san haka sarai.

"Baba, don Allah. Soro na kawai, bai kai ranka ba."

"Soron ubana na. Ni na miƙa mai tubali sa'ad da munka gina shi. In ruwa ya same shi bana babu shahin laso, hwaɗuwa za shi yi. Ku tahi da uwarka, Allah shi kiyaye hanya."

Jafaru ya ji haushi, ga tsoro kuma. Ya juya wurin mahaifiyarsa, wadda ke tsaye da mayafi a kafaɗa.

"Inna, ki yi mai magana mana!"

Kulsumu ta dubi mijinta. Tsoho ne, da ƙyar yake ɗaga taɓarya, ga ƙaya ta yayyage masa ƙwauri, jini ya bushe a kai. Ita ma tana tsoro, ba ta taɓa ɓoyewa ba. Sai dai ta tuna ranar da aka kawo ta soron nan, da 'ya'ya shida da ta haifa a cikinsa, biyu suna kwance a maƙabartar bayan gari.

Direban da ya kawo Jafaru ya danna oda. Ya riga ya ɗora katifa da buhun gero, yanzu ya rungumo tulun zai kai bayan mota.

"Kai, aje min tuluna," in ji Kulsumu.

"Inna!"

Ta karɓe shi da kanta, ta cire mayafin ta rataye a danga. Ta leƙa kwatarniyar da Labbo ke tara dakakkiyar dafarar, ta taɓe baki.

"Shekara arba'in kana wanga aiki, Malam, har yau ba ka san a hwara ɗebo ruwa ba."

Ta ɗora tulun a ka, ta nufi rijiya.