Tsohon Suwici Ba Mai So

A kamfanin raba kaya inda Dogo yake aiki, kujerar shugaban sashen kwamfuta ta daɗe babu kowa a kanta. Mutum biyu ne suke hangenta, shi da Sanƙo. Teburorinsu suna kallon juna, amma rabon da su gaisa har an manta. In Dogo yana son abu wurin Sanƙo, sai ya faɗa wa bango da ƙarfi, Sanƙo kuma ya ba wa fanka amsa.

Duk aikin kamfanin a kan saba ɗaya yake. Ƙatuwar na'ura ce da ke ɗauke da ƙananan kwamfutoci a cikinta, marasa jiki, wannan na karɓar oda, wannan na sito, wancan na direbobi. Bayanansu kuwa suna cikin wani akwatin ajiya daban, waya guda ce tak ta haɗa su. Ranar da wayar nan ta yi gardama, kowa sai ya naɗe hannu.

Manaja ta kira su ofishinta.

"Hanya biyu nake so tsakanin saba da ma'ajiya," ta ce. "In ɗaya ta mutu, ɗaya ta ɗauka, ba wanda zai sani. Kai ka yi ɗaya, kai ka yi ɗaya. Daga abin da na gani zan cike kujerar nan."

"An gama, ranki ya daɗe," suka ce tare, kowa ya ji haushin an haɗa baki da shi.

To, ita hanya ba kai tsaye take tafiya ba. Sai ta bi ta suwici, wato akwatin nan mai ramuka da ke raba wayoyi. Biyu ne a kabad ɗin ƙarfe na ɗakin sanyi, inda saba take. Na sama sabo ne fil, ko ledar gefensa ba a ɓare ba. Na ƙasa tsoho, lafiyarsa ƙalau, laifinsa kawai fankarsa tana ƙara, kuma sai mutum ya durƙusa kafin ya kai gare shi. Ko ɗan koyo ya san dole kowace hanya ta bi nata suwicin, don in ɗaya ya ƙone kada ya tafi da duka.

Dogo ya riga shiga. Ya soka wayarsa a sabon, ya koma tebur ya ba hanyar adireshi, ya gabatar da ita ga ma'ajiya, ya saita saba ta riƙa bin hanyoyin bi da bi. Aiki mai kyau, wannan ba a hana shi. Da ya dawo daga cin abinci ya leƙa bayan kabad, sai ga wayar Sanƙo a rami na kusa da tasa, a sabon suwici, har an ɗaure ta da ɗan zare don kada wani ya taɓa.

A allon kwamfuta kuwa layi biyu ne kore shar, kowace hanya da nata. Saba ba ta san wayoyin daga gida ɗaya suke ba.

"Wasu dai ba su san ana barin wuri ga wanda ya riga zuwa ba," Dogo ya ce wa bango.

"Wasu kuma gwiwarsu ta fi kusa da ƙasa in sun so," Sanƙo ya ce wa fanka.

A gida Dogo ya kwashe labarin ya faɗa wa matarsa tana guga. Ta saurara har ya gama, ta juya rigar.

"Baban yara, cire wayar nan aikin minti nawa ne?"

"Ba maganar minti ba ce. Duk wanda ya sauka ƙasa, hanyarsa ta zama ta biyu."

"Ita wayar ta san ta biyu ce?"

"Ba za ki gane ba."

"Gaskiya ne. Ni dai na san in soket ɗin nan ya mutu, da dutsen guga da fanka tare suke mutuwa. Miƙo min wandon can."

Ranar gwaji Manaja ta shigo ɗakin sanyi da mayafinta a naɗe a wuya. Dogo ya zare wayarsa, layi ɗaya ya yi ja, aiki bai tsaya ba. Ya mayar. Sanƙo ya zare tasa da wani salo kamar mai yanka kintinkiri, nan ma lafiya. Kowa ya gyara tsayuwa.

"Madalla," ta ce. "Yanzu a kashe suwicin sama mu gani."

Dukansu sun san abin da zai faru. Dogo ya dubi Sanƙo, karo na farko cikin dogon lokaci, yana jiran ya yi magana. Sanƙo yana jiran Dogo. Kalma ɗaya ta isa, amma wanda ya furta ta shi ne ya amsa laifi. Suna tsaye ƙiƙam ta miƙa hannu ta zare filogin.

Layukan biyu suka yi ja tare. Kafin a ce me, wayar bango ta fara ruri. Daga sito ake kira, allo ya daskare, motoci sun yi layi a ƙofa, direbobi sun fara zagin iyayen kwamfuta. Manaja ta mayar da filogin, ta tsaya har komai ya farfaɗo, ba ta ɗaga murya ba.

"Manya biyu," ta ce. "Da gemunku. Gobe da safe zan dawo. Mai hankalin cikinku ya gyara."

Wannan kalma ta mai hankali ita ta hana Dogo sukuni. Washegari ya riga mai shara zuwa. Ya shimfiɗa kwali don wandonsa, ya durƙusa, ya saita rami a tsohon suwici, ya mayar da wayarsa can. Ya duba allo, kore biyu. Ya fita shan shayi da sauƙin zuciya, yana shirya yadda zai ce, "Ai ni ban ɗauki girma a bakin komai ba, ranki ya daɗe." Har ya gwada faɗarta a madubin banɗaki.

Da Manaja ta zo, bai ma fara ba Sanƙo ya riga shi.

"Ranki ya daɗe, na sauke tawa ƙasa. Wani lokaci babba shi ke haƙuri."

"Ka sauke me?" Dogo ya ce, kai tsaye, ba ta bango ba. "Ba ka ga tawa a can ba?"

"Na gani. Ni tun jiya na yi niyya. Kai ka mayar da taka sama mana, ba can kake so ba?"

Manaja ta sunkuya ta leƙa. Wayoyi biyu gefe da gefe a tsohon suwici, sabon yana sama yana ƙyalli, babu kowa a kansa. Ba ta ma wahalar da kanta da zare filogi ba. Ta kaɗe ƙurar mayafinta.

"Akwai wata a reshenmu na bakin kasuwa, ita kaɗai take riƙe da nasu kwamfutocin. Farkon mako za ta zo ta hau kujerar. Ku share mata teburin."

Ta kai ƙofa ta juyo.

"Kafin nan ɗayanku ya mayar da tasa sama."

Ta fita. Dogo ya dubi kabad, Sanƙo ya dubi rufi. Fankar tsohon suwici tana ta ƙara, ba wanda ya motsa.