Cigiyar Rahim

A bakin babbar kwatar nan ta Maamobi akwai wata rumfar katako mai lasifika a kan doguwar sanda. Nan Zulkifli yake aiki. Sanarwar rasuwa, sanarwar suna, tallar maganin basir, duk ta bakinsa suke fita. Amma abin da ya fi ɗauke masa rai shi ne shirinsa na safe, inda yake faɗa wa unguwa abin da ya faru a rana mai kamar ta yau.

Ni Zelia, a gindin sandar nake sayar da koko da ƙosai, don haka ko ina so ko ba na so na zama masaniyar tarihi. Na san ranar da Bature ya taka wata. Na san akwai wani tsibiri mai ƙattin kawunan dutse da har yau ake gardamar yadda aka ja su. Dalar Masar kuwa, Zulkifli ya gina ta a kunnena ya fi a ƙirga. Abin da ke ba ni haushi, duniya kaf tana da ranaku a bakinsa, ban da unguwanninmu Nima da Maamobi. Sai ka ce mu daga sama muka faɗo jiya.

Wata safiya cikin watan Nuwamba, Mma Fusena mai goro ta zo ta tsaya a ƙofar rumfar. Ta haura saba'in, ga ta 'yar ƙarama, amma ko mahauta ba sa ja da ita.

"Zulkifli, gobe sha takwas ga wata. Me za ka karanta?"

"Mma, gobe akwai labari mai daɗi paa. Ranar ce aka fito da tarho mai madannai a Amurka."

"Tarho," in ji ta. "A ranar ce a 1969 gwamnati ta ba da dokar korar baƙi marasa takarda. Wannan fa?"

Zulkifli ya hau sosa ƙeya. Kowa a layinmu ya san abin da take nufi, ko da yake ba a zancen. Yayanta Rahim a Nima aka haife shi, amma ubansu daga ƙetaren iyaka ya zo. Cikin ruɗanin korar nan Rahim ya raka wani maƙwabci tasha da kaya, aka tambaye shi takarda, babu, aka tura shi cikin mota. Daga ranar ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Iyayen sun rasu, dangi sun ƙare, saura ita kaɗai mai ambaton sunansa. Tsoronta ɗaya ne, ta sha faɗa mini: ranar da aka binne ta, an binne Rahim ke nan, kamar ba a taɓa yin sa ba.

"Mma, ka yi hankuri," in ji Zulkifli da irin Hausarmu ta Zango. "Sai na tambayi ciyaman."

Ciyaman shi ne Alhaji Zakaria, shugaban kwamitin da ya mallaki lasifikar, sa'an Rahim ne a shekaru. Amsarsa ta zo kafin azahar: a bar kaza cikin gashinta. Wai yanzu da 'ya'yanmu ke fama a wajen karɓar katin ɗan ƙasa, ana tambayarsu inda aka haifi kakansu, mu kuma mu hau lasifika mu tuna wa mutane an taɓa kiranmu baƙi? Ban ce ba shi da hujja ba. Amma raina ya ɓaci, don shirun nan da muke ta yi bai hana kowa tambayar ba.

Mma Fusena ba ta yi gardama ba. Ta ɗaure bakin zanenta ta tafi.

Washegari Zulkifli ya gama labarin tarhonsa, sai ga ta.

"Na zo cigiya."

To, ga yadda al'adar rumfar take tun kafuwarta. Kowace sanarwa sai kwamiti ya gani, ban da cigiya. Wanda yaronsa ya ɓata ko akuyarsa ta tsinke ba ya jiran zaman kwamiti, kuma shi ake miƙa wa abin magana da kansa, don shi ya san kamannin abinsa. Ba a taɓa hana kowa ba, ko mahaukaci.

"Mma, wa ya ɓata?"

"Ba ni abin."

Zulkifli ya dube ni. Ni kuwa na mai da ido kan kaskona, ina ta juya ƙosan da ya riga ya soyu. Ya miƙa mata.

"Salamu alaikum mutanen Nima da Maamobi. Ni ce Fusena mai goro. Ina cigiyar yayana Rahim. Ya fita daga gida a shekarar 1969, lokacin da aka ce mu baƙi ne, bai dawo ba. Dogo ne, baƙi, yana da wushirya. A nan aka yanke cibiyarsa."

Masu jiran koko suka yi cirko-cirko da kwanoninsu. Wani direban trotro, motar hayarmu, ya kashe rediyonsa. Ba a jima ba sai ga Alhaji Zakaria yana tafe yana haki, sanda na gaba yana biye.

"Zulkifli, kashe abin nan!"

"Alhaji, cigiya ne. Ni ba na iya kashe cigiya kwraa, ko kaɗan."

Mma Fusena ko kallonsa ba ta yi ba. Ta ƙara matso da abin bakinta. "Ranar da ya fita yana sanye da farar riga mai gajeren hannu."

"Ba fara ba ce," in ji Alhaji.

Maganar ta kuɓuce masa ne, na gani a fuskarsa. Sai a nan ta juyo.

"Me ka ce?"

Ya sunkuyar da kai. "Shuɗiya ce. Rigar ƙwallon ƙungiyarmu. Ni na ara masa da safen. Shi ne golanmu."

Shekara hamsin da ɗoriya mutumin nan yana sayen goro a hannunta, yana gaishe ta, yana kallonta tana dakon sunan ita kaɗai. Na zaci za ta fashe da kuka. Ina! Idonta ya kaɗa, amma ko ɗigo bai sauko ba. Ta tura masa abin maganar har sai da ya taɓa gemunsa.

"Ba ni za ka gaya wa ba, Zakaria. Gaya wa Nima."

Da ya karɓi abin, muryarsa ta fito ta lasifika a dishe.

"Ni Zakaria na san Rahim. Ɗan Nima ne. Tare muka yi allo, tare muka yi ƙwallo. Ina tsaye a tasha aka tafi da shi, ban ce uffan ba."

Ya yunƙura zai miƙa wa Zulkifli, ta fizge.

"Ban gama ba. Wanda ya ga Rahim, ko ɗansa, ko jikansa, ya ce masa rigar shuɗiya ce, mai ita ya shaida. Ya ce masa Fusena tana nan a gidan da ya bar ta, kuma babu mahalukin da ya isa ya tashe ta."