Motar da Ba Ta Son Idon Lumshi

Lumshi direba ne, kuma ba shi ya raɗa wa kansa sunan ba. Haka Allah ya yi shi da 'yan idanu ƙanana, fatar sama ta sauko ta rufe rabi, ko dariya yake sai ka rantse gyangyaɗi ne. Da waɗannan idanun ya yi shekara da shekaru yana tuƙa maigidansa, wani darakta a kamfanin siminti, bai taɓa taka ko kaza ba. Da su yake ciyar da mata da 'ya'ya huɗu.

Kwatsam maigida ya sayo sabuwar mota dal a leda. Tsohuwar baiwar Allah ce, ka ba ta mai ta kai ka, ba ruwanta da kowa. Wannan kuwa bakinta ba ya mutuwa. Ka matsa kusa da bango ta yi ƙara, ka manta bel ta kai ƙararka. A bayan sitiyari kuma akwai wani ɗan gilashi kamar ƙwayar wake, wai aikinsa kallon fuskar direba.

Ranar farko, ko shataletale ba su kai ba sai ga hoton kofin shayi a allo, har da tururi, wata muryar mace mai sanyi ta ce direba ya gaji, ya tsaya ya huta. Maigida ya ɗago kai daga waya.

"Barci kake da ni a mota?"

"Ranka ya daɗe, idona biyu."

"To ƙarya take maka?"

Mutumin da ya san fuskarsa tun ba furfura, yau wata ƙwayar wake ce za ta gaya masa wane ne Lumshi. Abin ya yi wa Lumshi ciwo ƙwarai.

Daga nan fa ya shiga uku. Ya riƙa zare ido yana tuƙi har hawaye na zuba, hanya na rabuwa biyu, ya kusa kwashe mai keke, abin da bai taɓa faruwa ba lokacin da ake barinsa da idonsa. Matarsa ta kama shi gaban madubi yana ɗaga gira da yatsa, ta tambaya ko lafiya. Ya sayi baƙin tabarau, motar ta ce ba ta ganin direba, ta koma tafiyar hawainiya a tsakiyar titi ana ta danna musu hon.

Kar ka ce ita tsarkakakkiya ce. In an yi ruwa ƙofar baya ba ta buɗuwa, sai maigida ya tsallako ta gaba da tumbinsa. Wata safiya ta ƙi tashi sam, wai tana sabunta kanta, taron da za a je ya watse ba su. Duk wannan maigida ya yafe mata, yana cewa sabuwa ce, hankalinta ne ya yi yawa. Aka kai ta wurin dillalan, wani matashi mai laktaye ɗaure a wuya ya jona mata kwamfuta, ya ce lafiyarta ƙalau, a dai binciki direban.

Aka kuwa bincike shi. Maigida ya kira shi falo, bai ce ya zauna ba, ya ce ba zai sayar da ransa don sun saba ba, na'ura ba ta da son zuciya. Lumshi ya ajiye makullin da ba makulli ba, ɗan rimot ne kawai, a kan tebur, ya fita.

Sabon direban da aka ɗauka idanunsa manya ne kamar na mujiya, maigida da kansa ya zaɓe shi. Motar ta yi tsit, ko tari. Abin da maigadin gidan kaɗai ya lura da shi, bawan Allahn nan in barci ya ɗauke shi idonsa a buɗe yake. Wata rana da azahar, bayan ya cika ciki, ya shigo da maigida gida ta cikin katanga, ƙofa na can gefe a wangale. Maigida ya tsira da karyewar hannu. Har ƙura ta lafa kofin shayi bai fito ba.

Maigadin ne ya kawo wa Lumshi labari, yana dariya har da riƙe ciki. Lumshi bai yi dariya ba, amma ranar ya sa aka goge masa rigar aiki, ya cika wayarsa da caji, ya ajiye ta kusa. Ya jira. Da maigadi ya dawo, sai ya ce ai maigida ya riga ya yi odar wata motar irin ta, sabon samfuri, an ce wannan ta fi waccan gani. Direba kuma kamfanin haya ne zai turo.

Lumshi ya zauna a bakin gado, rigar na rataye a ƙusa, kuɗin makaranta na ƙaratowa. Autarsa ta shigo, ita ce ta ɗauko idanunsa sak. Ta leƙa fuskarsa, ta juya ta ce wa yayyenta su rage surutu, Baba na barci.

"Idona biyu," in ji shi, a hankali.

Ba wanda ya ji, sun riga sun ja masa ƙofa.